Ƙafar Inna da Gadar Iyaka

Takalmi ne mafarin abin. Onarabul ya kawo wa Inna shi cikin kwali mai sheƙi, ana gobe za a buɗe asibitin da ya gina wa mazaɓarsa. Auta, ƙanwarsa, ita ta durƙusa ta sa mata, kuma tun a lokacin ta ga ƙafar dama ta ƙi shiga sai da aka tura da ƙarfi.

"Yaya, ya matse ta," in ji Auta.

"Sabo ne, zai saki," ya ce, idonsa na kan waya.

Inna ta yi dariya, ta kai hannu ta shafa kansa kamar ba shi ne mutumin da ake rige-rigen buɗe wa ƙofar mota ba. "Rabu da ita, Babana. Haushi take ji don ba a sayo mata ba."

Ita kaɗai ke kiransa Babana. In ban da Auta mai ce masa Yaya, duk sauran jama'a, har Kawu ƙanin Inna da ya goya shi yana yaro, Onarabul suke ce masa tun da aka zaɓe shi ɗan majalisar ƙasa.

Washegari Inna ta tsaya kusa da ɗanta tun hantsi har rana ta karkata. An yi jawabai, an yanke zare, an ɗauki hotuna. Duk wanda ya hau mumbari sai ya nuna ta ya ce ga uwar mazaɓa. Ta daɗe da ciwon suga, ƙafafunta ba su cika jin zafi ba, don haka ba ta yi ƙorafin komai ba. Sai da suka koma gida, Auta ta zare mata takalmin, ta ga safar ta manne da babban yatsa. Bororo ne ya taso ya fashe, wurin ya yi ja.

"Ɗan wannan?" in ji Inna, ta leƙa. "Shafa masa mai kawai."

Gidan Inna shi ne na ƙarshe a unguwar. Bayansa akwai rafi, a kan rafin akwai gada, kuma a tsakiyar gadar mazaɓar Onarabul ta ƙare. Daga can ta wani ɗan majalisa ce, na wata jam'iyya. Jiharsu ɗaya, zauren majalisa ɗaya suke zama, amma ba sa ga maciji, kullum suna jifan juna da magana a rediyo. A gidan ba a ambatar sunansa, Na Tsallake ake cewa. Shi ma yana da asibiti a mazaɓarsa, tsohon gini mai koɗaɗɗen fenti, wanda ake hango rufinsa ta tagar ɗakin Inna. Ba shi da kyan gani, amma akwai likitoci a ciki, akwai wuta, akwai magani.

Na Onarabul kuwa gilashi ne ta ko'ina, da ƙaton hotonsa a ƙofar shiga. A ciki katifun ba a ma cire musu leda ba. Ɗakin tiyata a kulle, an ce makullin na wurin ɗan kwangila. Motar ɗaukar marasa lafiya na ajiye ƙarƙashin rumfa, hotonsa a jikinta yana murmushi. Ma'aikaciya ɗaya ce a duk ginin, wata malamar asibiti mai sanyin murya, da auduga da ruwan wanke ciwo da maganin ciwon kai.

Onarabul a babban birni yake zaune da iyalinsa. Abin da ya bar wa mazaɓa a madadinsa shi ne Inna. Kowace safiya Kawu zai buɗe ƙofar falo, a zaunar da ita a babbar kujera, mutane su yi ta shigowa gaisuwa, kowa da kukansa. Wannan rijiyar unguwarsu ta ƙafe, wancan iska ta yaye rufin makaranta, waccan ɗanta ya gama karatu babu aiki. Inna ta saurara, ta ce za ta faɗa wa Babana. Kawu kuma na tsaye bakin ƙofa yana cewa, "A taƙaita, a taƙaita, akwai na baya." Duk lokacin da aka zargi Onarabul da cewa ya manta mutanensa, amsa ɗaya yake bayarwa a rediyo: "Uwar da ta haife ni tana cikinku. Ruwan da kuke sha shi take sha, asibitin da kuke zuwa shi take zuwa."

Auta ta sha jin wannan magana tana kan keken ɗinkinta a lungun falo, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba. Sai da ciwon ya ƙi warkewa ta gane cewa maganar igiya ce, kuma a ƙafar Inna aka ɗaura ta.

Malamar asibiti ta riƙa zuwa tana wanke ciwon. Wata rana ta kwance bandejin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja Auta zuwa tsakar gida.

"Yatsan ya fara baƙi," ta ce a hankali. "Wannan ya fi ƙarfina, 'yar'uwa. Likita yake buƙata, kuma ba gobe ba." Ta ɗan karkata kai wajen gada.

Auta ta sami Kawu yana shan shayi a ƙofar gida, ta durƙusa ta faɗa masa. Ya ajiye kofin kamar ya ƙone shi.

"Ina? Tsallake? Ke Auta, kanki ɗaya kuwa? Zaɓen fid da gwani ya ƙarato, ki ɗauki uwar Onarabul ki kai ta asibitin Na Tsallake? Kafin ku sauka daga mota hotonku ya zaga ƙasar nan."

"Kawu, yatsan ruɓewa yake yi."

"Yatsa! Ni da na taka ƙusa ta ɓullo ta sama, wa ya kai ni asibiti? Ku 'yan zamani komai likita. Ki jiƙa mata gishiri a ruwan ɗumi."

Ta kira Yaya. Sai a kira na barkatai ya ɗauka, ana ta hayaniya a bayansa.

"Na ji, Auta, na ji. Kina ganin ban damu ba ne? Uwata ce fa."

"To, a bar ni in kai ta. Ga shi nan, ina hango rufinsa."

"Kada ki soma. Ki yi haƙuri a wuce fid da gwani, ni da kaina zan turo babban likita."

"Ko ka turo mota a kawo ta wurinka, Yaya, a duba ta a can."

Ya yi tsaki, ba na faɗa ba, na gajiya. "Su ce na gina musu asibiti amma na gudu da uwata birni? Ai gara ma tsallaken. Ke ba ki san siyasa ba, Auta. Ki dai kula da ita, Allah zai ba ki lada."

Ya turo kuɗi masu yawa, da kwalin turare, da sabuwar fanka. Likita bai zo ba.

An yi fid da gwani, Onarabul ya samu. Gidan ya cika da masu murna, aka yi ta kiɗa a ƙofar gida. Inna ta zauna a kujerarta tana karɓar barka, ƙafar na cikin safa mai kauri. Da yamma Onarabul ya shigo ɗakinta a gurguje, ya durƙusa ta sa masa albarka. Auta ta kai hannu za ta kwance bandejin don ya gani da idonsa, ya ɗaga mata hannu.

"Bar shi, kin san ba na iya kallon ciwo."

"Yaya, ka ce bayan fid da gwani."

"Yanzu ne ma ido ya fi yawa a kanmu. Babban zaɓe ya kusa. Da an gama, wallahi ƙasar waje zan fitar da ita. Inna, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Babana," in ji Inna. "Je ka yi aikinka. Ni ƙalau nake."

Baƙin ya ci yatsan, ya gangaro tafin ƙafa. Ƙafar ta kumbura har safa ta daina shiga. Inna ta daina takawa, sai Auta da Kawu su tallafo ta daga ɗaki zuwa kujera kafin a buɗe ƙofa. Kawu ya ce bai dace masu gaisuwa su riƙa ganin bandeji ba, za a yi ta surutu. Ya sayo yadi mai kauri, ruwan toka, ya ajiye a kan keken Auta.

"Ki ɗinka mata lulluɓi, daga cinya har ƙasa. Ki yi masa ado a baki, ya zama kamar na sanyi."

Auta ta ɗinka. Ta yi masa kalmasa mai kyau, don hannunta bai iya mugun ɗinki ba. Tana taka keken hawaye na ɗiga a kan yadin, yana shanyewa ba ya barin alama. Ba ta taɓa ɗinka abin da ta tsana kamarsa ba.

Daga nan sai wari. Da fari Auta kaɗai ke ji, idan ta sunkuya. Daga baya ya cika ɗakin. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa Kawu zai zagaya falon yana fesa turaren da Onarabul ya aiko, a kunna fanka, a kori ƙudaje. Ya sa aka rufe tagar ɗakin Inna da ke kallon gada, wai ta nan ƙudan ke shigowa. Masu gaisuwa suka fara taƙaita kukansu ba sai an ce musu ba. Wasu su zauna nesa, wasu su riƙa shafa hanci kamar suna mura. Babu wanda ya tambaya.

Mutum ɗaya ce ta tambaya. Wata tsohuwa ce, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, wadda duk gidan ke kira Aminiya. Ba ta bin layi, ba ta jin tsoron Kawu. Ta shigo da sandarta, ta ja numfashi sau ɗaya, ta tsaya cak.

"Ke, me kike ɓoyewa a ƙarƙashin bargon nan? Ɓera ne ya mutu ko ke ce?"

Inna ta yi dariya har da tari. "Bakinki bai tsufa ba."

Aminiya ta sa sanda ta ɗage lulluɓin. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta juya wajen Kawu.

"Kai, Dogo. Yayarka ce wannan ko allon talla?"

"Ana kula da ita," in ji Kawu, ya ɗaure fuska. "Malamar asibitinmu na zuwa kullum."

"Asibitinku na gilashi? Ni idona a tsallake aka wanke mini shi, ga shi ina ganin rashin kunyarka tar. Kai ma ba can kake karɓo maganin hawan jininka ba? Na gan ka a layi, ka ja hula har gira, ka toshe hanci da ƙyalle, kana tsammanin akwai mai tsawonka biyu a garin nan."

Wasu mata a bakin ƙofa suka ƙunshe dariya. Kawu ya yi gyaran murya ya ce ai shi ba uwar Onarabul ba ne, ba wanda zai ɗauki hotonsa. Ya ce gaisuwar yau ta ƙare, kowa ya tashi. Daga ranar ya hana Aminiya shiga, ya ce 'yar leƙen asirin Na Tsallake ce.

Da rana, bayan an watse, Auta ta zauna a ƙasa kusa da gadon, ta riƙe hannun Inna.

"Inna, ki ce a kai ki. In ke kika faɗa, ba mai hanawa."

"In ɓata wa yaro aikinsa?"

"Ba yaro ba ne, Inna. Yana da furfura."

"A wurina yaro ne." Ta dubi rufaffiyar tagar. "Kin san da ubanku ya rasu, shi ya bar makaranta shekara guda yana dako a kasuwa don ku ci. Ya dawo da kafaɗa duk ta saɓule, ya ce mini ba zafi. Yanzu ni ma in ce masa ba zafi, Auta. Saura kaɗan."

Auta ta gyara mata lulluɓi. Ta so ta ce kafaɗa tana warkewa.

Zazzaɓi ya shigo. Inna ta daina cin abinci, sai ruwa da ɗan shayi marar suga. Duk da haka kowace safiya a wanke mata fuska, a ɗaura mata kallabi, a ɗora ta a kujera. Wani lokaci tana cikin sauraron kukan rijiya kanta zai langaɓe, Kawu ya ce, "Inna na nazari ne, ci gaba." Malamar asibiti ta zo ta kwance bandejin, ta mayar ba ta wanke ba.

"Ya hau idon sawu," ta ce wa Auta. "Ni ba zan ƙara taɓawa ba, kada a ce da hannuna. Na faɗa wa Kawunku, ya ce in tuna wanda ya samo mini aikin nan."

Auta ta sake kiran Yaya, ta yi ta kira. Wani yaronsa ne ya ɗauka ya ce Onarabul yana taro, amma ya ce a gaida Inna, a ce mata saura ƙiris.

Ranar da jam'iyya ta yi babban gangami a filin makaranta, gidan ya zama wayam. Kawu ya sa babbar riga tun hantsi ya fita, ya kulle ƙofar gaba ta waje. Ana jiyo lasifika daga nesa, muryar Onarabul na tashi tana sauka. Auta na goge wa Inna goshi da tsumma mai sanyi sai iska ta kawo maganar sarai, kamar a tsakar gida ake yin ta: uwar da ta haife ni tana cikinku. Jama'a suka ɗauki sowa.

Inna ta buɗe ido. Leɓunanta sun bushe sun tsage.

"Ya iso garin?"

"Tun safe, Inna."

"Bai biyo ba."

"Sun ce sai bayan taro."

Inna ta lumshe ido. Can ta ce, da wata ƙaramar murya da Auta ba ta san ta da ita ba, "Auta, ina jin warin kaina. Ko salla na tayar, shi nake ji. Kai ni wurin likita, 'yar nan. Ba na so in mutu ina wari."

Auta ba ta tsaya neman mayafin kirki ba. Ta fita ta ƙofar baya, ta buga wa maƙwabcinsu mai tasi ƙofa. Ya dube ta, ya dubi gidan, ya shafa gemu, sannan ya ɗauko makullin mota. Su biyu suka ɗauko Inna. Auta ta yi mamakin yadda ta zama ba nauyi, kamar ɗaurin kayan wanki.

Motar ta hau gada ta sauka kafin Auta ta gama gyara wa Inna kai a cinyarta. Iyakar tafiyar ke nan. Ta waiga ta hango bangon gidansu da rufaffiyar taga, kusa ƙwarai, har tana ganin tsumman da ta shanya a igiya.

Auta ta shiga asibitin, kanta a ƙasa, tana jiran ta ga an ɗaga wayoyi. Ba wanda ya ɗaga. Bencin jira cike yake da fuskokin da ta sani: mai kukan rijiya, matar da ɗanta ba shi da aiki, mai facin taya na bakin layinsu da jaririnsa a kafaɗa. Duk 'yan mazaɓar Yaya ne. Suka miƙe tsaye, suka buɗe hanya.

"A fara duba Inna," in ji mai facin taya. "Ai mun daɗe muna cewa yaushe za a kawo ta."

Likitar mace ce, mai gajiyayyun idanu. Ba ta tambayi uwar wane ce ba. Ta yanke bandejin da almakashi, ta duba, ta danna sama da idon sawu, ta danna ƙwauri, sannan ta cire safar hannu.

"Tun yaushe?"

Auta ta faɗa mata.

"Daga wane ƙauye kuka taso?"

"Daga bayan gadar nan."

Likitar ta dube ta, kallon da Auta ta gwammace a mare ta da shi. "Da kun zo da fari, wanki da magani ne. Da kun zo yatsa na baƙi, yatsa za mu cire. Yanzu sai dai daga ƙasan gwiwa, kuma yau, in ana son ranta."

Auta ce ta sa hannu a takardar. Ta zauna a benci har aka gama, tana jiyo sowar gangami daga tsallaken rafi.

Onarabul ya zo washegari da sassafe, cikin ƙaramar mota mai baƙin gilashi, ba jiniya, ba 'yan rakiya, ya sa hular sanyi da tabarau. Ya sami Auta a baranda. Ta miƙe, tana tsammanin zai tambayi yadda Inna ta kwana.

"Wa ya gan ku?" ya ce.

Ta tsaya tana kallonsa.

"Auta, magana nake. Wa ya gan ku? An ɗauki hoto?"

"Sun yanke mata ƙafa, Yaya."

Ya dafa bango. Ta ga idonsa ya kawo ruwa a bayan tabarau, kuma na ɗan lokaci ta ga yayanta na da, mai saɓulalliyar kafaɗa. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya goge ido da bayan hannu.

"Ƙaddara ce," ya ce. "Ciwon suga haka yake, ko a ƙasar waje yankewa suke yi. Ba laifin kowa ba ne. Amma da kin jira ni, da an yi shi cikin sirri, a wuri mai daraja." Ya leƙa ɗakin ta gilashin ƙofa. Inna na barci, bargon ya kwanta shafal a inda ƙafar dama ya kamata ta tokare shi. Bai shiga ba. Ya ce kada ya tashe ta.

Kafin ɗinkin ƙafar ya kame sosai Onarabul ya sa aka sallame ta, duk da likitar ta ce da sauran lokaci. Motar asibitinsa, wadda ba ta taɓa ɗaukar marar lafiya ba tun da aka saye ta, ita aka turo. An manna takarda a kan hotonsa kafin ta hau gada, an saki labule. Kawu ya riga ya baza cewa Inna ta je birni hutawa wurin jikokinta.

Ana jibi zaɓe Kawu ya ce dole a buɗe ƙofa, rufewar ta yi yawa, mutane sun fara magana. Onarabul zai zo da masu ɗaukar hoto ya nemi albarkar uwa. Aka wanke wa Inna fuska, aka ɗaura mata kallabi, aka ɗora ta a kujera, aka rufa mata lulluɓin ruwan toka. Kawu ya ja da baya yana dubawa, ya karkata kai. Ƙafa ɗaya ce ke leƙowa daga ƙasa.

Ya shiga ɗaki ya fito da kwalin nan mai sheƙi.

"Sa mata na hagu. Na daman ki cusa masa tsumma, ki ajiye kusa da shi, bakinsa kawai ya leƙo."

"Kawu..."

"Na kwana biyu ne, Auta. Bayan zaɓe sai a faɗa wa mutane a hankali."

Auta ta dubi Inna. Tun da suka dawo Inna ba ta cika magana ba. Ta sa an buɗe tagar ɗakinta, takan wuni tana kallon gada. Yanzu ma ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Auta ta durƙusa a inda ta durƙusa ranar farko. Ta sa mata na hagu. Ta ɗebo ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin lulluɓin ta cusa a na dama. A cikinsa, wajen babban yatsa, har yanzu akwai ɗan tabon da ya bushe. Wannan karon bai matse kowa ba.

Aka buɗe ƙofa. Mutanen da suka miƙe mata a bencin asibiti su ne suka shigo, suka durƙusa, suka ce, "Inna, an dawo lafiya? Ya mutanen birni?" Idanunsu na sauka kan takalman biyu, su ɗauke da sauri. Sun sani, Kawu ya san sun sani, su ma sun san ya sani. Duk mazaɓar babu wanda aka ɓoye wa komai. An dai ba da ƙafar tsohuwa don a tsare wani sirri da ko yaran unguwa sun daɗe da saninsa.

Jiniya ta tsaya a ƙofar gida. Onarabul ya shigo cikin fararen kaya, masu hoto na biye da shi. Ya zube a gaban kujera, gwiwarsa ta bugi takalmin dama, ya goce ya kwanta a gefensa, tsumman ya leƙo. Kawu ya yi wuf ya sa ƙafa ya tura shi ƙarƙashin lulluɓi. Onarabul ya sunkuyar da kai, ya cire hula, yana jiran hannun da ya saba sauka a kansa.

Hannun bai zo ba. Yana kan cinyarta, a kan yadin ruwan toka.

"Inna," ya ce ƙasa-ƙasa, yana murmushi saboda masu hoto. "Ni ne. Babanki ne."

Inna ta dube shi da kyau, kamar yadda take duban duk mai shigowa da kukan rijiya ko na rufin makaranta. Babu fushi a fuskarta. Da ma akwai, da Auta ta fi samun sauƙi.

"Sannu da zuwa, Onarabul," ta ce. "An gode da ziyara. Allah ya ba da sa'a."

Masu hoto suka ɗauka. Kawu, daga bakin ƙofa, ya ce a taƙaita, akwai na baya.